Fentin Alhaji Amiru

Tun ranar da aka ba Zuwaira ɗakin bincike nata na kanta a jami'a, 'yan kasuwar Kara ba su sake hutawa ba. Mahaifinta, Alhaji Amiru, falken shanu ne da ya tsufa a cikin sana'ar, mutum mai faɗin ƙirji da son a san abin da Allah ya ba shi. Ko cinikin bijimi ake yi, sai ya san yadda ya karkato da zancen ya kai shi kan 'yarsa Dakta, wadda ta yi karatun cututtukan dabbobi har ta ƙure shi, ga ta yanzu a babban ginin binciken kimiyya, inda ba kowane malami ake bari ya taka ba. Shi kansa bai taɓa ganin ginin ba. Amma a bakinsa ya riga ya manna masa tayil, ya sa masa baƙin gilashi irin na bankuna, ya kafa masa ƙofa mai ruwan zinariya.

Jinaidu ne ya fara gajiya. Abokinsa ne tun suna yara a Ƙofar Kware, mahauci, siriri, ba ya dariya da ƙarfi, sai dai ya jefa magana ya koma gefe yana kallon yadda za ta ci.

"Alhaji, wanga gini da kaka ta hwaɗi, ka kai mu mu gani mana. Ko sai da biza aka shiga?"

Washegari da hantsi Alhaji Amiru ya sa babbar riga mai sitati, ya ɗauki Jinaidu a mota suka nufi jami'a. Zuwaira ta tarye su a bakin hanya da farar rigar aiki, ta durƙusa ta gaishe su, sannan ta nuna da hannu.

"Baba, ga shi nan."

Alhaji ya duba inda ta nuna, ya duba bayan wurin, ya dawo ya dube ta.

Gini ne dogo, launin toka, kankare tsirara, har ana ganin shatin katakon da aka zuba shi a ciki. Ƙasansa babu ɗaki ko ɗaya. Ginshiƙai ne kawai suka ɗaga shi sama, kana tsaye a gaba kana hango itatuwan dogon yaro da ke bayansa. Tagoginsa sun ɓuya a bayan wasu faffaɗan allunan kankare da aka jera a tsaye kamar haƙarƙarin bijimi. Rufin shafe yake, ba kwano, ba ado, ba ko layi ɗaya na fenti.

Jinaidu ya gyara hula. "Masha Allah. Yaushe za a gama shi?"

"Baba Jinaidu, ai tun ba a haihe ni ba anka gama shi," in ji Zuwaira. "Ciki ɗai anka gyara bara, anka zuba sabbin na'urori."

"To, ɗan kwangilar da ya gudu, an kama shi?"

Zuwaira ta yi dariya, ta ce haka aka zana shi, haka ake son sa. Ta ce su zo su hau ta nuna musu ɗakinta. Alhaji ya dafa gwiwa ya ce yau ciwon ya motsa, ba zai iya matakala ba, sai wani jiƙon. Jinaidu kuma ya ce shi yana da iyali, ba zai hau abin da aka manta ba a yi masa ƙasa ba.

A hanyar komawa suka bi ta Runjin Sambo. Nan ne Jinaidu ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Amma ƙasan zai yi daɗin ɗaure shanu."

Kafin la'asar labari ya gama Kara. Aka daina ce wa Alhaji Amiru Baban Dakta, aka koma Baban Mai Kango. Wani dillali ya tambaye shi cikin ladabi ko a kafa asusu a taimaka wa jami'a da buhun siminti. Alhaji ya yi dariya tare da su, don ya san in ya nuna ta cije shi sunan ba zai taɓa fita ba. Amma abin ya tsaya masa a rai. Gani yake an raina 'yarsa ne, an ga mace ce, 'yar fatake, aka tura ta inda kowa ya ƙi.

Ya yanke shawara bai faɗa wa kowa ba. Zai yi wa ginin filasta da fenti daga aljihunsa, sadaka.

Ya koma jami'a shi kaɗai, ya yi ta tambaya har aka kai shi sashen kula da gine-gine, wurin wani Malam Markus. Markus mai zanen gine-gine ne, gajere, mai furfura a gemu da tabarau rataye a wuya. Iyayensa mutanen Filato ne, aikin koyarwa ya kawo su Sakkwato, a nan aka haife shi, Sakkwatancinsa kuwa ko a Ƙofar Atiku sai haka. Ya ba Alhaji kujera, ya saurare shi da fara'a har zuwa inda kalmar fenti ta fito. Nan fara'ar ta ɗauke.

"Wane gini kac ce, Alhaji?"

"Na binciken kimiyya. Wanda ad da ƙahwahu."

Markus ya cire tabarau daga wuya ya aje a tebur a hankali. Abin da Alhaji bai sani ba shi ne, duk jami'ar ba mai son ginin nan kamar mutumin da ke gabansa. Saboda shi ya karanta zanen gini. Yana yaro yakan taka keke daga gari ya zo ya tsaya yana kallonsa. Tun da ya kama aiki kuwa, ya kare shi daga shugaban da ya so a lulluɓe shi da tayil, da wanda ya so a toshe ƙasan a yi shaguna, da wani kwamitin da ya kusa ɗora masa jan kwano.

"Taso, Alhaji, in gwada maka wani abu."

Lokacin bazara ne, rana ta take tsaka, kwalta har wani ƙamshi take. Markus ya zagaya da shi. Ya nuna masa yadda allunan nan suke tare rana kafin ta taɓa gilashi, amma haske ya shiga. Ya tsayar da shi a ƙarƙashin ginin ya ce ya ji iska. Ya kai shi wani fili a tsakiyar ginin da ba a rufe samansa ba, ya ce ta nan zafi ke ficewa. Ya shafa shatin katakon da tafin hannu kamar mai shafa wuyan doki, ya ce waɗanda suka zana shi so suka yi gini ya nuna abin da aka yi shi da shi, kada ya ɓoye komai.

Alhaji ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai.

"Injiniya, duk na ji."

"Ni ba injiniya ba ne, Alhaji. Mai zane nike."

"To Injiniya, ni ma ina da jiki mai kyau, Allah ya gina ni da ƙarhi. Amma ka taɓa ganina Kara ba riga?"

Markus ya yi dariya har ya dafa ginshiƙi, amma ya ce a'a. Ya gode, jami'a ta gode, fenti dai ba za a shafa ba muddin yana wannan ofis.

Alhaji Amiru bai saba a mayar masa da kyauta ba. Kuma a sana'arsa, a'a ta farko gaisuwa ce kawai. Bayan kwana biyu ya dawo da ƙunshin balangu mai zafi, suka zauna a kan dakalin da ke ƙarƙashin ginin, ya buɗe ciniki. Ya janye filasta, fenti kaɗai. Markus ya ci nama ya ce a'a. Mako na gaba ya ce to gaban ginin kawai, inda baƙi ke gani. Markus ya ce a'a. Ya sauko zuwa ginshiƙai. Ya sauko zuwa allon da ke tagar Zuwaira, guda ɗaya tak, a yi masa shuɗi don in ya kawo mutane ya nuna ya ce ga ofishin ɗiyata. Nan Markus ya ɗan yi jim, Alhaji ya ga alamar ciniki zai faɗa, sai kuma mai zanen ya girgiza kai.

"Wallahi da Kara kake da ka yi arziki," in ji Alhaji. "Ban taɓa ganin mai taurin kai awa kai ba."

Sannu a hankali cinikin ya zama hira. Alhaji ya ba shi labarin tafiya kudu da shanu a zamanin jirgin ƙasa. Markus ya ba shi labarin mahaifinsa da ya koyar da rabin manyan garin lissafi da bulala. Masu gadi suka san motar Alhaji, suka daina tambayarsa inda za shi. Wata rana ma ya idar da sallar azahar a masallacin kusa, ya dawo dakalin ya kishingiɗa, barci ya kwashe shi, ɗalibai na wucewa suna rage murya.

Duk wannan Zuwaira na gani ta taga. Abokan aikinta sun fara tsokanarta cewa mahaifinta ya fi wasu farfesoshi zuwa aiki. Ta yi haƙuri har ranar wata Juma'a da yamma, ta same shi a tsakar gida yana shan fura, mahaifiyarta Hajiya Ashatu na gefe tana tsince zogale. Ta zauna a bakin tabarma.

"Baba, ina da magana."

"Hwaɗi, Dakta."

"Masu gadi sun sanka. Mai sayar da ruwa ya sanka. Malam Markus har ya yi ƙiba. Amma ko sau guda ba ka hawo ka ga abin da nike yi ba. Bangon ɗai kaka zuwa gani."

Ta faɗe shi da murmushi. Alhaji ya aje ludayi. Ya buɗe baki zai kawo zancen gwiwa, sai Hajiya Ashatu ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Gwiwar da ta hau bayan tirela shekaranjiya tana ƙirga shanu?"

Ranar Litinin ya hau. Ya tsaya ya huta a kowane hawa don kada a ce ƙarya ya yi tun farko. A sama ya tarar da dogon ɗaki mai haske, ba rana ko ɗigo a cikinsa, tebura farare, kwalabe a jere, ɗalibai sanye da fararen riguna. Yana shiga suka miƙe suka gaishe shi. Ya lura ba mai taɓa komai sai ya dubi Zuwaira tukuna. Wani mai gemu, wanda a ido ya girme ta, ya zo da ɗan faranti yana cewa, "Dakta, a duba mini wannan."

Ta zaunar da shi gaban madubin da ke ƙara wa ƙananan abubuwa girma, ta ce ya sa ido. Ya sa. Ya yi baya da kujera da sauri har hularsa ta goce.

"A'uzu billahi! Mi ne ne wanga?"

"Kaska ta, Baba."

"Kaska? Wagga mai ƙahoni da hwarce?"

Ya sake leƙawa, a hankali wannan karon. Shekara da shekaru yana cire kaska daga kunnen shanu da yatsa, bai taɓa sanin da fuska take kallonsa ba. Zuwaira ta yi masa bayani cewa makiyaya na kukan maganin feshi ya daina kashe ta, shi ne take tattaro kaska daga garuruwa tana gwadawa, don a gane wane magani ne har yanzu yake ci, wane ne kuma asarar wahala kawai. Alhaji ya tuna da garkensa. Daminar da ta wuce ya rasa shanu masu kyau bayan ya yi musu feshi har sau ba adadi, ya ɗora laifin a kan yaransa.

"To mi ya hana ki hwaɗa mini? Ga garke nan gare ni, kaska kamar ta yi magana."

"Na hwaɗa, Baba. Kac ce in bari sai an gama zancen hwenti."

Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Fankoki suka tsaya. Alhaji ya jira zufa ta karyo masa kamar yadda take yi a gida, ya ji shiru. Iska na shigowa ta tsakanin allunan nan, tana ɗaga gefen rigarsa. Ya dubi taga, ya dubi rufi. Da zai sauka ya ce ta turo ɗalibanta garke ranar da ta ga dama, zai sa a kama musu shanun.

A ƙasa ya tarar da Markus a kan dakali. Ya zauna kusa da shi, ya daɗe yana gyara riga.

"Injiniya, ɗakin Hajiya yamma ya ka kallo. In la'asar ta yi, ko burodi ka aje ciki sai ya gasu. Ina son in ta da bene bisa shagunan ƙohwar gida, in maishe ta can. Waɗanga haƙarƙarin naku, ana yi ma gidan mutum?"

Markus ya dube shi kamar wanda aka yi wa albishir da haihuwa. Bai karɓi ko sisi ba. Ya je gidan Alhaji a Ƙofar Kware ya auna, ya tsaya a rana yana duba inda take faɗuwa, ya zana bene ɗan madaidaici mai alluna a gaba da ƙananan ramukan iska a sama. Sharaɗi ɗaya ya kafa.

"Ba hwenti, Alhaji."

Alhaji ya miƙa hannu suka tafa irin na kasuwa. "Na sallama."

Aka yi gini. Birkiloli suka yi ta gunaguni, Markus na zuwa kullum bayan aiki yana sa su warware abin da suka karkata. Da aka cire katako, bene ya fito launin toka, tsaf, kamar ƙanen wancan na jami'a. Abin mamaki, Alhaji Amiru ne ya koma mai wa'azinsa. Duk wanda ya tsaya a ƙofar gida ya tambayi yaushe za a gama, sai ya kama hannunsa ya hau da shi sama ya ce ya ji iska. Ya koyi cewa gini bai kamata ya ɓoye abin da aka yi shi da shi ba, yana faɗa kamar shi ya ƙago. Jinaidu ya hau, ya zauna, ya sha iska har ya yi hamma, ya sauko ya ce wa mutane lallai cutar jami'a tana yaɗuwa.

Hajiya Ashatu ta tare a ɗakinta, ta yaba sanyinsa, ta yi wa Malam Markus addu'a ta aika wa matarsa Naomi da turaren wuta. Sannan ta tambayi ranar da mai fenti zai zo.

"Ba mai hwenti," in ji Alhaji. "Haka aka son shi."

"Wa ka son shi haka?"

"Masana."

"To masanan su zo su zamna ciki. Matar ɗanka Jafaru ta kusa haihuwa, nan za a yi suna. Dangina za su taho tun daga Gwadabawa su ishe ni cikin kango, su koma su ce Alhaji ya karye?"

Ya yi mata bayanin rana da iska da gaskiyar kankare. Ya ce ya ba da hannu, kuma shi bai taɓa tayar da cinikin da ya sallama ba. Ta saurare shi da kyau, ta ce Allah ya ƙara ilimi.

Matar ɗansu Jafaru ta haihu ana gobe Alhaji zai tafi kasuwar Illela sayen shanu. Ya yi kwanakinsa ya dawo ana jibi suna. Da motar ta shawo kwanar unguwa sai ya ce wa direba ya wuce, ba nan ba ne. Direba ya ce nan ne.

Bangon kore ne shar. Allunan kuwa an bi su ɗaya bayan ɗaya, wannan ruwan hoda, wancan ruwan ɗorawa, har ƙarshe. Ramukan iskar sama an zagaye kowanne da fari. Yara sun taru a gaba suna kallo, wata mata ta tsayar da mai keke tana ɗaukar hoto da waya.

Alhaji bai shiga gida ba. Daga nan ƙofar ya kira Markus ya ce ya zo, gara ya gani da idonsa kafin ya ji a bakin mutane.

Markus ya iso a kan babur. Ya kashe shi, ya sa tabarau, ya cire, ya sake sawa. Ya daɗe a tsaye.

"Injiniya, wallahi ina Illela."

"Na sani, Alhaji."

Sai ga muryar Hajiya Ashatu daga cikin zaure. "Malam Markus, sannu da zuwa. Ina Naomi? Kada ka ga laihin Alhaji, shi ya ba ka hannu, ni ban ba ka ba. Iskarka tana nan, ban taɓa ta ba. Hau ka ji."

Markus ya hau. Iskar tana nan kuwa, ɗakin sanyi ƙalau, sai dai hasken da ke shigowa ya ɗan yi ja-ja, ya kwanta a kan jeren kwanonin Hajiya. Ya sauko a hankali, ya ce mata aikin ya yi tsabta, mai fentin ya san hannunsa. Iyakar abin da ya iya fitarwa ke nan, ita kuma ta karɓa da godiya, ta ce lallai ya turo Naomi ranar suna.

Aka fito musu da benci da kwanon fura. Alhaji ya ɗauki bencin zai aje inda aka saba, yana fuskantar gida, sai ya dubi abokinsa, ya juya shi ya fuskanci titi. Suka zauna suna kallon kekuna da babura na wucewa, kowane mai wucewa kuma yana kallon abin da ke bayansu.

Can Markus ya ce, "In Naomi ta zo suna ta ga wanga, nawa gidan ba shi kai sati."

Alhaji ya miƙa masa ludayi. "Sha hura, Injiniya. Ka roƙi Allah dai ta zaɓi kala guda."